Cinikin biri a sama: abin da tabilet ɗin Aakash ta koya mana



Duk ranar da aka fito da sabuwar tabilet ko sabuwar waya, abu guda ne ke faruwa. Wasu ƴan tsiraru su samu ta shiga hannunsu kafin kowa, su gwada ta, su fito su faɗi abin da suka gani. Daga nan sai masu saye su rabu. Wasu su ce an faɗi gaskiya, wasu su ce hassada ce, wasu kuma ko saurare ba su tsaya yi ba, sun riga sun bi layi. In kayan na masu hali ne, wannan gardama hira ce kawai ta wurin shan shayi. In kuwa an ce don talaka aka yi shi, nan ne magana ke tsami, domin duk wanda ya buɗe baki ya ce "wannan abu ba ya aiki" sai a kira shi butulu. Ni kuwa a ganina shi ne ya fi kowa tausayin talakan. Hujjata tana cikin labarin wata tabilet ta ƙasar Indiya.

Ranar 5 ga Oktoba 2011, a birnin Delhi, ministan da ke riƙe da harkar ilimi, Kapil Sibal, ya ƙaddamar da wata tabilet mai suna Aakash, wato "sama" a harshen Hindi. Kamfanin DataWind, ƙarƙashin Suneet Singh Tuli, shi ya ci kwangilar. Gwamnati ta nemi a ƙera mata guda 100,000 a kan kusan dalar Amurka 50 kowace ɗaya, da niyyar ta rage wa ɗalibai farashin ya dawo wajen dala 35. Kada wani ya ɗauka dalarmu ce ta kasuwa, ta Amurka nake nufi, wato kamar jika 17 na sefa a canjin wancan lokaci. A shekarar nan iPad mafi araha dalar Amurka 499 ce, fiye da jika 240. Sai duniya ta ɗauka: ga tabilet mafi araha a doron ƙasa, ga ɗan talaka zai riƙe laburare a tafin hannunsa.

Ba a jima ba ta shiga hannun ƴan jarida masu gwada kayan fasaha da kuma ɗaliban da aka fara raba wa. Abin da suka faɗa kusan bakinsu ɗaya. Gilashinta tsohon yayi ne, ba ya jin shafar yatsa sai an danna da ƙarfi ko an sa farce. Injin da ke cikinta mai saurin 366 MHz ne, da RAM mega 256, shi ya sa buɗe shafi guda ma sai ka yi haƙuri. Android 2.2 aka ɗora mata, alhali a cikin watan nan na Oktoba Google ta nuna Android 4.0. Batirin awa 2 zuwa 3 yake yi, kuma tana zafi a hannu. Ba ta shiga Android Market, wanda yau muke kira Play Store. Ba ta ɗaukar sim, sai da Wi-Fi take hawa intanet, a ƙasar da mafi yawan mutanenta a karkara suke.

To yaya masu saye suka karɓi wannan bayani? Kashi uku suka rabu.

Kashi na farko ƴan dariya ne. Suka ajiye ta kusa da iPad, suka yi ta sheƙe ta, wai kayan wasan yara ce. Waɗannan ba su taimaki kowa ba. Wanda ya auna keke da ma'aunin mota ai ba gwaji ya yi ba, nuna mana ya yi cewa shi mai mota ne.

Kashi na biyu masu kare ta ne, kuma maganarsu kunnenmu ya saba da ita: "Da wannan kuɗin mi kake so a ba ka? Da babu gara ba daɗi." Wasu suka haɗa da kishin ƙasa, duk wanda ya soki Aakash wai ya soki Indiya, ya raina ƙoƙarin nasa, ya fi son na Turawa.

Kashi na uku ba su yi gardama da kowa ba, suna kawai suka rubuta. Da kamfanin ya buɗe rajistar masu son samfurin kasuwa, wanda ya kira UbiSlate, a kan kusan rupi 3,000, jaridun Indiya sun ruwaito a farkon 2012 cewa an yi rajistar guda miliyan 1 da dubu 400 cikin mako biyu. Kamfanin ba shi da ƙarfin ƙera wannan adadi a kan lokaci. Mutane da yawa, har da waɗanda suka biya tun farko, sun kwashe watanni suna jira suna ƙorafi. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. Ga shi kuwa kayan sunansa ma sama, kuma mafi yawan masu rajistar ko a hannun wani ba su taɓa ganinsa ba.

Ni ba na zargin kashi na uku. Wannan adadi ya nuna irin ƙishirwar ilimi da ke ga talaka, kuma wanda ke jin ƙishirwa ba ya tsayawa tambayar zurfin rijiya. Da kashi na biyu nake da magana, domin su ne suke zaton suna tare da talaka alhali suna rufe masa baki.

Ku duba mi aka yi alkawari. Ba a ce Aakash za ta yi gasa da iPad ba. An ce ɗalibi zai karanta littattafai a kanta, ya kalli darussan malamai na bidiyo, ya yi bincike a intanet. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a auna ta da shi, kuma da shi masu gwaji na kirki suka auna. Batirin da ke mutuwa kafin a tashi darasin safe, a garin da wuta ba ta tsayawa, ya karya alkawari. Na'urar da sai da Wi-Fi, a hannun ɗalibin da ba ya samun Wi-Fi sai in ya shiga harabar jami'a, ta karya alkawari. Wanda ya faɗi haka bai nemi ado ba. Mun sani araha ba ta ado. Aiki ya nema, kuma araha ba ta da uzurin ƙin yin aiki.

Sannan "da babu gara ba daɗi" tana tafiya daidai ne in abin kyauta ya zo. In da kuɗi aka saya, lissafi ya canza. Mai hali in ya sayi kayan jika 17 ya ga ba su yi ba, sai ya jefa cikin durowa ya manta. Uban da ya tara wannan kuɗi wata da watanni, ko uwar da ta kwashi adashinta, in kayan ya mutu bayan mako shida, ba "babu" suka koma ba, ƙasa da babu suka koma: ba na'ura, ba kuɗi, ga yaro ya sa rai. Ballantana a nan har da kuɗin baitulmali, wato harajin shi wannan talakan da ake cewa ya yi shiru ya gode.

Abin da ya biyo baya shi ya raba gardama. Saɓani ya shiga tsakanin kamfanin da cibiyar fasaha ta IIT Rajasthan, wadda aka ɗora wa gwajin kayan, a kan irin ma'aunin da za a bi. Daga baya aka maida aikin hannun IIT Bombay. A watan Nuwamba 2012 shugaban ƙasa Pranab Mukherjee ya ƙaddamar da Aakash 2. Ku ji abin da aka gyara: gilashi ya koma mai jin shafar yatsa, inji ya kai 1 GHz, RAM ta ninka zuwa mega 512, Android ya koma 4.0, an ƙara girman batiri. Farashin da gwamnati ke biya kuwa bai hau ba, ɗalibi kuma rupi 1,130 aka yanka masa. Ku jera wannan gyara kusa da ƙorafin masu gwajin farko, za ku ga kamar takardarsu aka bi layi bayan layi.

Gaskiya ne a cikin wannan shekara kayan haɗa irin waɗannan na'urori sun ƙara araha a kasuwar duniya, hakan ya sauƙaƙa gyaran. Amma in kaya sun yi araha kuma mai saye ya yi shiru, ragin aljihun mai sayarwa yake shiga. Abin da ya sa ragin ya koma inganci shi ne akwai mutanen da suka ƙi yin shiru. Da an bi ta masu cewa "a gode kawai", da wace hujja za a matsa wa kamfanin?

Yanzu mu dawo gida, domin wannan ciniki muna yin sa kullum. Ku shiga kantunan waya a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa, za ku ga tabilet iri iri, musamman waɗanda ake cewa na yara, masu roba mai launi, da sunayen da ba wanda ya san inda kamfaninsu yake. Iyaye na saye don yaro ya koyi karatu, ɗalibai na saye don su zuba darussa a ciki su huta da kuɗin fotokopi. Niyya mai kyau ce. To amma wa ya gwada mana su?

Mafi yawan abin da ke zuwa mana ta TikTok, YouTube da WhatsApp ba gwaji ba ne, buɗe kwali ne. Mutum ya yage leda, ya juya na'ura gaban kamara, ya karanto abin da ke rubuce a bayan kwali, ya ce "wallahi ta yi". Sau da yawa kyauta aka ba shi, ko kuma shi ne mai kantin. Waɗanda suke gwaji na gaske kuma galibi a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa suke, cikin ɗaki mai sanyi, da intanet mai gudu. Ba za su faɗa maka yadda batiri ke yi a watan Afrilu ba, lokacin da zafi ya haura digiri 40. Ba su san ƙurar hunturu da ke toshe wurin sharje ba. Ba su san yaro uku na karɓa karɓa a kan na'ura guda ba. Kuma sananne ne a irin waɗannan na'urori marasa asali, abin da aka buga a kwali na RAM da ma'ajiya ba kullum yake daidai da abin da ke ciki ba.

Saboda haka ga abin da nake ba mu shawara.

Na ɗaya, kada ka zama ɗan gwajin kowa da kuɗinka. In sabuwar na'ura ta shigo, bar ta ta yi wata ɗaya ko biyu a hannun mutane. Ranar farko kowace na'ura amarya ce.

Na biyu, kafin ka je wurin mai sayarwa, bi ta wurin mai gyara. Masu gyaran waya da ke bakin kasuwa su ne masu gwajin da suka fi kowa sanin gaskiya a ƙasar nan. Su suka san wace iri ce ke dawowa da kumburarren batiri, wace ce in gilashinta ya fashe ba a samun wani ko an je Kano.

Na uku, in kana kallon wani yana yaba kaya, tambayi kanka abu uku: wa ya ba shi, kwana nawa ya yi yana aiki da shi, kuma ko ya faɗi aibi ko guda ɗaya. Wanda bai ga aibi ko ɗaya ba, talla yake yi.

Na huɗu, kunna ta a kanti. Shiga cikin saitinta ka duba ma'ajiya da Android ɗin da ke ciki, sa sim ɗinka ka ga ko tana kama rezo, ka nemi takardar saye da garanti a rubuce. Tun 2015 Nijar tana da doka a kan kare haƙƙin masu saye, amma wanda ba shi da takarda a hannu da mi zai kai ƙara?

Na biyar, kuma shi ya fi muhimmanci gare mu a matsayin ƙungiya: duk ranar da muka ji wata hukuma ko wani shiri na agaji zai raba tabilet a lakkol, mu yi murna amma mu yi tambaya tun kafin a sa hannu a kwangila. Wa ya gwada ta, kuma ina sakamakon gwajin? Awa nawa batirin ke yi? Ina za a riƙa sharje a ƙauyen da ba wuta? Darussan da ke ciki da wane harshe suke, kuma suna buɗewa ba intanet? In ta lalace wa zai gyara, da kuɗin wa? Ranar rabo da hotuna da tafi ba a jin irin waɗannan tambayoyi, shi ya sa dole a yi su tun da wuri.

Na ƙarshe, mu ma mu zama masu gwaji. Kai da ka yi wata uku da tabilet a hannunka, ke da kika saya wa ƙanenki, kun san abin da babu wani a Faransa ko Dubai da ya sani game da ita. Ku faɗa da Hausa, a rubuce ko da murya: nawa kuka saya, awa nawa take yi, mi ya fara lalacewa, mi ya yi kyau. Ba zagi, ba ƙari, ba ragi. In ta yi, a ce ta yi, mai kanti na gaskiya ma ya samu ciniki. In ba ta yi ba, a faɗa, ko da an ce mana masu baƙin ciki. Waɗanda suka fara sukar Aakash ma an kira su da sunaye, amma ɗaliban da suka karɓi ta biyu sun ci moriyar bakinsu.

Talaka ba ya neman kayan alatu. Yana neman in ya biya, a ba shi abin da aka ce za a ba shi. Birin nan dai a sauko da shi ƙasa mu duba shi, sannan a yi ciniki.

Allah ya sa mu dace. Ku tura wa duk wanda kuka san yana tara kuɗin tabilet.