Tirela a ƙofar gida: matan Sharada, Challawa da Bompai, maganar taku ce

  Don Allah kar a wuce wannan saƙon kamar gaisuwar Juma'a. A karanta har ƙarshe, wadda ido ya yi wa rauni ta sa yaro ya karanta mata.

Ke da kike Sharada ko Ja'en, ke ta Panshekara da Zawachiki, ke ta Dakata da Kawaji, ba sai an ba ki labari ba. Ƙarfe bakwai na safe kin shirya yara, kin tsaya bakin titi riƙe da hannun ƙaramin, ga tireloli jere hagu da dama suna jiran layin shiga kamfani. Ba kya hango abin da ke tahowa sai kin leƙa ta tsakanin tayoyi. Ƙarfe huɗu, lokacin Islamiyya, a sake sabon lale. Mai A Daidaita Sahu ya rasa gefen tsayawa, sai ya sauke ki a tsakiyar hanya, ke da goyo. Mai tuyar awara da ƙosai kuwa, rabin abin da take sayarwa ƙura ce. Ba a maganar daren da naƙuda ta tashi, aka tarar an toshe bakin layi da mota, direba ya kulle ya tafi.

Mu faɗi gaskiya, kamfanonin nan sun riga yawancin gidajenmu zuwa. Bompai tun zamanin Turawa take. Sharada da Challawa daga baya aka yanka su a bayan gari, lokacin duk gonaki ne, gari ya bi su har ya cim musu. Kuma ba ma fatan su rufe. Mun ga abin da ya faru da masaƙu suka durƙushe saboda rashin wuta da kayan waje, magidanta nawa suka koma zaman gida. Yau ma 'yan uwanmu mata nawa ne ke tsintar riɗi da zoɓo, ko sayar da abinci a ƙofar kamfani? Duk wanda ya ce muku mata na faɗa da masana'antu, ku ce masa a'a, maganar titi muke.

Abin kuma ƙaruwa zai yi. A watan Janairun 2023 aka buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawachiki, kwantena kuwa ba a ka ake ɗaukar ta ba. Bututun gas na AKK da aka fara a 2020, ranar da ya iso Kano injinan da suka yi shiru za su tashi. Alheri ne, muna murna. Amma kowane inji ya tashi, mota ce za ta kawo masa kaya, mota ce za ta kwashe.

Babbar buƙatarmu ita ce wurin ajiye manyan motoci. Kamfanin da ke da kuɗin ɗauko tirela ashirin yana da kuɗin samar musu fili. Titin unguwa ba gareji ba ne. Bayan wannan, a tsayar da zirga-zirgarsu lokacin tafiya makaranta da lokacin tashi, a sa tudun rage gudu a gaban makarantu da asibitoci, a cike ramukan da nauyinsu ya haƙa kafin damina ta mai da su kududdufi.

Wa za a gaya wa? KAROTA, da aka kafa a 2012, aikinta ne hana ajiye mota inda bai dace ba, ba kamen masu A Daidaita kaɗai ba. KNUPDA ce ke ba da izinin gini, ita za mu tambaya yadda ake amincewa da katafaren sito babu wurin juya mota. Ƙungiyar masu masana'antu ta MAN tana da reshen Sharada da Challawa, tana da na Bompai, ana iya zama da su. Akwai ma dokar tarayya tun 1992 da ta ce babban aiki sai an binciki illarsa ga muhalli, an baje rahoton jama'a su gani su yi magana. A cikinmu wa ta taɓa zuwa ta duba? Ni ma da nake rubutun nan ban taɓa ba.

Sai kuma namu na gida. Kansila ne, ciyaman ne na Kumbotso, Birni ko Nassarawa, ɗan majalisa ne, ko ɗan jam'iyyarmu ne kar a ji nauyinsa. Mu ne ke cika layi ranar zaɓe tun asuba. In ya zo da atamfa da taliya, Hajiya ki karɓa ki gode, sannan ki tambaye shi ranar da za a kwashe tirelar da ke gaban makarantar 'ya'yanki.

Kafin taro na gaba, kowace shugabar mata ta mazaɓa ta rubuto sunan titi, lokacin da motocin suka fi yawa, da makarantar da ke kusa. In da hali a haɗo da hoto, amma babba ya ɗauka, kar a aiki yaro bakin titi. Za mu haɗa takarda ɗaya da sa hannunmu mu kai da kanmu. Ban da tare hanya, ban da zagin direba. Shi ma ɗan wata ne, wataƙila kwanansa uku a cikin mota yana jiran a sauke masa kaya.

A tura wa sauran zaurukan mata na WhatsApp, musamman na Kumbotso.