Tasawa da Mayahi: lissafin da ya kamata magidanci ya yi kafin ya kwashe iyali zuwa birni

Da zarar an gama ɗaure damman hatsi an zuba a rumbu, tashoshin mota na Tasawa da Mayahi sukan cika da samari masu shirin tafiya bida. Wasu su nufi Maraɗi ko Damagaram, wasu Yamai, wasu Agadas da wuraren haƙar zinariya, wasu kuma su tsallaka Katsina da Kano. Wannan tsohuwar al'ada ce, kuma mafi yawansu sukan dawo kafin ruwan shuka. Shawarar da ta fi nauyi ita ce ta magidancin da ke tunanin rufe gida, ya kwashe mata da ƴaƴa ya koma birni da zama. Ɗan cin rani in tafiya ba ta yi kyau ba asararsa ta wata biyar ce. Mai ƙaura da iyali kuwa, musamman in ya saida gona don ya yi guzuri, yana iya rasa abin da zai dawo ya tarar.

Abin da ke tura mutane

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna gundumar Mayahi da ta Tasawa kowacensu tana da mutane sama da dubu 500, a cikin jahar Maraɗi mai mutane kusan miliyan 3 da dubu 400. A lokacin, yawan al'ummar Nijar yana ƙaruwa da kashi 3.9 cikin 100 a shekara, ma'ana yana ninkawa cikin shekara 18 ko makamancin haka. Ƙasar noma ba ta ƙaru ba. Gonar da uba ya noma shi kaɗai, in aka raba gado sai ta zama ƴan filaye da ba sa ciyar da gida har wata damina. A ƙauyukan Urafan, Maijirgi da Korgom, ko Kanambakashe, Cake da Isawan a ɓangaren Mayahi, gidaje da dama rumbunsu yana ƙarewa tun kafin bazara, daga nan sai awo a kasuwa, daidai lokacin da tiya ta fi tsada.

Ke nan mai tunanin tashi yana da hujja. Matsalar ita ce lissafin da akan yi sau da yawa rabi ne: ana kallon abin da ake samu a birni, ba a kallon abin da birni ke karɓewa.

Kuɗin shiga da kuɗin fita

Tun daga watan Janairun 2024, mafi ƙarancin albashi a Nijar ya tashi daga sefa 30,047 zuwa jika 42 a wata. In aka raba shi kwana 30, ya kama sefa 1,400 a rana, abin da bai kai kuɗin litar man fetur uku ba, ko da bayan ragin watan Yulin 2024 da ya maida lita daga sefa 540 zuwa 499. Wannan ma ga mai aiki da takarda ne. Baƙon da ya shigo daga karkara galibi aikinsa dako ne, ko lebarancin gini, ko garuwa, ko kabu-kabu, ko gadi, ko ƙaramin tebur. Ranar da ba a fita ba, babu ko dala.

A ɗauki gidan da ke cin tiya ɗaya ta hatsi a rana. Tiya ta kama kilo biyu da rabi, buhu mai kilo 100 tiya 40 ne, saboda haka gidan yana cin wajen buhu tara a shekara. A ce tiya tana sefa 750. A wata an kashe jika 22 da rabi, fiye da rabin mafi ƙarancin albashi, kuma ba a sayi kayan miya ba, ba a biya haya ba. A ƙauye ko da gona ta ba da rabin wannan hatsi kaɗai, buhu huɗu da rabi ne da magidanci bai sa hannu a aljihu ba. Wannan shi ne kuɗin shigar da manomi ba ya ƙirgawa, don bai taɓa riƙe shi a hannu ba.

Haka sauran abubuwa. A gida ɗaki naka ne, a birni haya ce, kuma mai gida yakan nemi a ba shi na wasu watanni tun kafin a shiga. Kara da itacen girki da ake ɗebowa a gona, a birni sai an sayi itace, gawayi ko gas. Unguwar da famfo bai kai ba sai an sayi ruwa a hannun ƴan garuwa, kuma jarka-jarka ya fi tsada a kan mai famfo a gida. Akuyar da ke cin harawar wake a ƙauye, a birni ita ma sai an yi mata awo. Ga kuɗin adaidaita zuwa kasuwa da gidan likita.

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafin kuɗi kai tsaye. Matar da ke cikin asusu ko ƙungiyar Mata Masu Dubara, tsarin ajiya da rance da ya faro a nan jahar Maraɗi a 1991, tana da inda za ta ranci kuɗin magani ko jarin ƙuli-ƙuli saboda an san ta. In ta koma wata unguwa a Yamai sai ta fara neman yarda daga farko, kuma yara ƙanana da kaka ke riƙewa yanzu sun dawo wuyanta.

Abin da birni ya fi

Duk da haka, wanda ya ce birni ba shi da riba bai faɗi gaskiya ba. Tasawa da Mayahi kowace tana da asibitin gunduma, amma ciwon da ya fi ƙarfinsu sai an kai Maraɗi, tafiyar kilomita kusan 120 daga Tasawa, kusan 90 daga Mayahi, ban da nisan ƙauye zuwa bakin kwalta. Gwamnati ta rage kuɗin duba marasa lafiya a asibitocinta da rabi daga watan Satumban 2024, ta kuma maida haihuwa kyauta, a kan tsarin kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta da ke nan tun 2006. Amma ragin bai shafi kuɗin mota ba, bai shafi abincin mai jinya ba. Ga gidan da ke da mai ciwon da ke buƙatar zuwa asibiti kowane wata, zama kusa da babban asibiti yana iya fin arha.

Haka karatu. Yaron da ya gama firamare a ƙauyen da ba kwaleji sai an nema masa mai riƙo a wani gari, kuma a nan ne ƴan mata da yawa ke barin makaranta. Maraɗi tana da makarantun sakandare da na koyon sana'a da jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo. Mai sana'ar hannu ma, tela ko mai walda ko makanike, ya fi samun masu kawo aiki a inda jama'a ke da kuɗi duk shekara, ba sai da kaka kaɗai ba.

Sai dai a tambaya: wace unguwa ce baƙo zai iya biya? Haya mai sauƙi tana bakin gari ko cikin kwari, inda ruwa ke kwanciya. A daminar 2024 ambaliya ta hallaka mutane kusan 400 a Nijar, ta shafi sama da miliyan ɗaya da rabi, jahar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. A birnin Maraɗi kaɗai ruwan ranar 30 ga Agusta ya ci rayuka 15, kuma sai da aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. Wutar lantarki ma ba tabbas: lokacin takunkumin CEDEAO a watan Agustan 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda ta kai wajen kashi 70 cikin 100 na abin da NIGELEC ke rabawa, kuma masu sana'ar da ta dogara da wuta, irin su masu ƙanƙara da masu walda, su suka fara ji a jika.

Kudu da arewa

Shekaru da dama Najeriya ce mafita mafi kusa ga mutanen wannan yanki, ga harshe ɗaya ga dangi. Lissafin ya sauya tun 2023. A tsakiyar wannan shekara dalar Amurka tana wajen naira 460 a farashin hukuma, kafin shekara ta zagayo ta kai wajen 1,500, alhali sefa tana nan daure da kuɗin Turai. An cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Wanda ke aiki a Kano ko Legas yana ci da tsada, in ya zo canji kuma abin da zai aiko gida ya ragu. Faɗuwar naira ta taɓa har wanda bai je ko'ina ba, domin dillalan Najeriya da ke sayen bisashe da wake a kasuwar Lahadi ta Tasawa da ta Litinin a Mayahi ƙarfin sayensu ya ragu. A watan Oktoban 2024 kuma hukumomi sun hana fitar da hatsi zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso, matakin da ke sauƙaƙa wa mai awo amma yana rage wa mai saidawa kasuwa.

A arewa, soke dokar 2015 kan safarar baƙin haure a watan Nuwamban 2023 ya sake buɗe hanyar Agadas. Amma Aljeriya ba ta daina koro mutane ba: ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga sama da mutane dubu 30 da aka zubo a iyakar Asamaka a 2024. Zinariya kuma, daga Jado da Cibarakaten har Ɗan Isa, inda ruftawar rami ta kashe aƙalla mutane 18 a watan Nuwamban 2021, caca ce da saurayi ke yi da ransa. Ba wurin kai iyali ba ne.

Gona ita ce iyaka

Daga duk wannan, shawarar da ta fi kusa da hankali ita ce a raba tafiya gida biyu. Magidanci ya fara zuwa shi kaɗai rani ɗaya, ya rubuta abin da ya samu da abin da ya kashe, har da kwanakin da bai yi aiki ba, ya tambayi kuɗin hayar ɗakin da zai ɗauki iyalinsa duka, ya ga unguwar da damina. In abin da ya rage masa bayan haya da ruwa bai kai sayen buhunan da gonarsa ke ba shi ba, to ƙaurar ba ta biya ba tukuna. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Sannan kada kuɗin tafiya ya fito daga saida gona. A yankin da ƙasa ke ƙaranci, wanda ya saida da wuya ya sake saye. Aro, haya ko jingina sun fi, da sharaɗin a yi su a rubuce gaban mai gari da kwamitin kula da filaye da tsarin dokar karkara ta 1993 ya tanada, domin jinginar baki da baki ita ce ke zama rigima in shekaru sun tura. Mata su ma a ji ta bakinsu, tunda su ne za su sayi ruwa da itace da kuɗin da aka ba su.

Akwai kuma zaɓin da ba a cika ambata ba, wato garin Tasawa ko na Mayahi kansu. Tasawa tana kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 tsakanin Maraɗi da Damagaram, tana da kasuwa, asibiti da makarantun sakandare. Wanda ya zauna nan yana iya sana'a da rani, ya koma gonarsa da damina a kan babur ko amalanke, abin da mazaunin Yamai, mai nisan sama da kilomita 700, ba zai iya ba.

Ragin kuɗin mai, na asibiti da na siminti da aka yi a 2024 ya fi amfanar wanda ke kusa da gidan mai da asibiti, kuma yake da halin gini. In ana son magidancin Urafan ko Gidan Amumun ya zauna, ko ya tsaya a Tasawa da Mayahi maimakon ya wuce Yamai, abin da zai duba shi ne ko hatsin OPVN mai rahusa yana isowa kafin rumbu ya ƙare, ko akwai kwaleji kusa da za ta karɓi ƴarsa, ko hanyar ƙauyensu tana biyuwa a watan Agusta, da kuma ko akwai ruwan noman rani a kwarin Gulbin Kaba. Waɗannan su ne abubuwan da hukumomin gundumomin biyu za su iya tsarawa tun yanzu, kafin motocin bida na kaka mai zuwa su fara lodi.