HADDA BA TA ƊORA ƘASHI

   

Ya ɗan'uwa mai karatu, na san za ka yi mamakin abin da ya haɗa malamin Islamiyya da maganar yadda ake koyar da ilimin sassan jikin ɗan Adam ga ɗaliban wasanni da motsa jiki a jami'o'inmu. Wani yaro ne ya haɗa mu. Yana cikin ɗalibaina na yamma, kuma shekara biyu ke nan ba ya iya naɗe ƙafarsa ta dama a kan tabarma kamar sauran 'yan'uwansa, sai dai ya miƙe ta. Ranar da na fara lura na tambaye shi, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ya Sayyadi, ba ta lanƙwasuwa ne." In yana tafiya kuwa, sai ka ga kafaɗa ɗaya tana rinjayar ɗaya.

Yana ɗan shekara 13 aka taɗe shi a filin ƙwallon makarantarsu ta boko. Malamin wasanni, wanda ke da digiri a wannan fanni, ya zo ya duba gwiwar ya ce targaɗe ne. Ya sa aka riƙe yaron, ya ja ƙafar, ya murza ta da man zafi, ya ɗaure, ya ce a tashi a taka kada jini ya kwanta. Sai bayan makonni, da kumburi ya ƙi sauka, aka kai shi asibiti aka ɗauki hoto. Ashe ƙashin cinya ne ya tsage a daidai matsirarsa.

Na nemi malamin muka zauna, kuma ban same shi mugu ba. Idonsa ya kawo ruwa ya ce mini, "Wallahi Malam, mun karanta abin nan, har na ci jarrabawarsa. Amma ban taɓa ganin inda yake a jikin mutum ba." Wannan magana tasa ita ce dalilin wannan rubutu. Ƙarata ba a kansa take ba, tana kan irin karatun da ya ba shi shaida bai ba shi sani ba.

Bari in bayyana abin da ya kamata a ce an nuna masa. Ƙashin yaro ba ƙaramin ƙashin babba ba ne. Kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi akwai wani faifai na guringuntsi, daga nan ƙashin yake ƙara tsawo, kuma ba ya rikiɗa ya zama ƙashi sai galibi tsakanin shekara 14 zuwa 18. Wannan faifai ya fi igiyoyin da suka ɗaure gaɓa rauni. Saboda haka bugun da zai jawo wa babba targaɗe, a jikin yaro yana iya tsaga matsirar ƙashi. Wadda ke saman gwiwa kuwa ita ke ba da kusan kashi 70 cikin 100 na tsawon ƙashin cinya. In ta lalace, ƙafar na iya gajarcewa ko ta karkace. Wanda ya san haka ba zai ja ƙafar yaro ba. Zai tallafe ta, ya hana shi takawa, ya kai shi inda za a ɗauki hoto. Wannan bayani bai fi na darasi ɗaya ba, amma rashinsa ya bi wani yaro har iyakar rayuwarsa. Lallai rashin sani ya fi dare duhu.

Ni Larabci na karanta a jami'a, amma na zauna ɗaki ɗaya da ɗalibin sashen PHE, na kuwa ga karatun nasu da idona. Handawut ne mai shafuka masu yawa, an yi ta kwafarsa har zanen da ke ciki ya koma baƙin tabo. Da dare sai in ji shi yana ta bitar sunayen Latin kamar mai tilawa: ƙasusuwa 206, tsokoki sama da 600, daga ina kowace ta taso, ina ta ƙare. Wata rana na miƙa masa hannuna na ce ya nuna mini ƙashin da ya gama ambata yanzu. Ya yi dariya ya ce ai ba a tambayar wannan a jarrabawa.

Kada wani ya zaci ina raina hadda. Da ita na tashi, da ita nake tayar da yara. Amma mu da muke wannan aiki mun san iyakarta. Ba mu taɓa koya wa yaro mafitar haruffa da takarda kaɗai ba. Sai mun zaunar da shi gabanmu, ya dubi bakinmu, mu ce ɗaga harshenka nan, taɓa dasashinka can, ya yi kuskure mu gyara. In harafi guda yana bukatar haka, ina ga gwiwa da wuya da zuciyar ɗan mutum?

Akwai kuma wata matsala da harshenmu ya ƙara mana. Bahaushe da kalma ɗaya yake kiran abubuwa da yawa: jijiya. Wadda ke kai jini daga zuciya jijiya ce, wadda ke mayar da shi jijiya ce, wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa da laka jijiya ce, wadda ta haɗa tsoka da ƙashi irin agara jijiya ce, wadda ta ɗaure ƙashi da ƙashi a gaɓa ita ma jijiya ce. Abubuwa biyar, aikinsu daban, ciwonsu daban, maganinsu daban. Ɗalibin da ya haddace sunayensu da Turanci bai taɓa ganinsu a rarrabe ba, ranar da yaro ya faɗi gabansa zai koma ga kalmar da ya tashi da ita, ya ce jijiya ce ta hau kan jijiya, a murza. Aikin malamin jami'a shi ne ya tsaga wannan kalma gida biyar a cikin kan ɗalibinsa, kuma hakan ba ya yiwuwa sai da ido da hannu.

To, na san uzurorin da ake kawowa, bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, ana cewa ai ba likita zai zama ba, wasa kawai zai koyar. Ina tambaya: in yaro ya faɗi a fili, wa ke fara isa gare shi? Likita yana asibiti, sai an kai masa. Malamin wasanni ne ke tsaye a wurin, kuma abin da hannunsa ya yi a mintunan farko shi ke yanke hukuncin abin da likita zai tarar. Ranar 12 ga Agusta, 1989, Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ana karawa da Angola, bai tashi ba. Ranar 26 ga Yuni, 2003, Marc-Vivien Foe na Kamaru ya faɗi a birnin Lyon na Faransa ana wasa da Kolombiya, bincike ya nuna tsokar zuciyarsa ce ta yi kauri fiye da kima. Ranar 12 ga Yuni, 2021, zuciyar Christian Eriksen na Denmak ta tsaya a tsakiyar fili a Kopenhagen, nan take aka shiga danna masa ƙirji, aka sa masa na'urar farfaɗo da zuciya, ya rayu, har ya koma buga ƙwallo a 2022. Ajali na hannun Allah, babu mai ja. Amma riƙo da sababi wajibinmu ne.

Mu kuwa me muke yi in ɗan wasa ya sume? Wani ya kwara masa ruwa, wani ya yi fifita da riga, wani ya cusa masa yatsa ko cokali a baki wai kada ya haɗiye harshensa. Wanda ya taɓa ganin yadda harshe yake ɗaure da muƙamuƙi da ƙasan baki ya san ba ya haɗiyuwa. Iyakarsa ya saki ya koma baya ya toshe hanyar iska, maganin haka kuwa gyara kwanciyar kai da haɓa ne. In kuma ba ya numfashi yadda ya kamata, abin yi shi ne danna tsakiyar ƙirji, a kan rabin ƙasa na ƙashin ƙirji, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti guda, domin ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin 'yan mintuna in jini ya yanke mata. Wanda bai san inda zuciya take kwance tsakanin ƙashin ƙirji da ƙashin baya ba, ina zai ɗora hannunsa? Haka wanda bai san wuya ƙasusuwa 7 ne da laka ta ratsa cikinsu ba, zai ɗauki wanda ya faɗi da ka ana jijjiga shi. Haka wanda bai san saifa tana ƙarƙashin haƙarƙarin hagu ba, kuma zazzaɓin cizon sauro da ya addabi yaranmu yana kumbura ta, zai ce wa yaron da aka buga a wurin ya sha ruwa ya huta, alhali jini na iya kasancewa yana zuba a cikinsa.

Na biyu, ana cewa babu kayan aiki. Gaskiya ne jami'o'inmu na fama da ƙarancin kuɗi, amma wannan uzuri ba ya tsayawa da ƙafarsa. Kowane ɗalibi da ya shigo aji ya shigo da cikakken ƙwarangwal a cikin rigarsa. Yana iya laluba ƙoƙon gwiwarsa, da idon sawunsa, da allon kafaɗar abokinsa, ya zana iyakar tsoka da alli a kan fata, ya tsuguna ya miƙe ya ji wace ce ta ɗaure, wace ce ta saki. Sannan ga kwata a kowane gari. Gwiwar sa guda za ta nuna wa aji guringuntsi da igiyoyin gaɓa da ruwan da ke cikinta. Zuciyar rago ɗakuna huɗu gare ta kamar ta mutum. Abin kunya ne a ce mahaucin da bai shiga aji ba ya fi mai digiri sanin inda gaɓa take rabuwa. Yau kuma ga manhajoji a waya da ke juya ƙashi ta kowace fuska. Sannan jami'ar da ke da tsangayar likitanci tana da ɗakin koyon sassan jiki. Me zai hana a buɗe wa ɗaliban wasanni ƙofarsa ko da sau kaɗan ne a zango?

Na uku, shi ne wanda ya fi ƙona mini rai, domin da sunan kunya da addini ake kawo shi. Wai bai dace a riƙa kallon jiki ana taɓawa ba. Masu faɗin haka su koma tarihinmu. Ibn Sina ya kammala littafinsa Alƙanun a 1025, kuma a cikinsa ya yi dogon bayani kan ƙasusuwa da tsokoki. Abdullaɗif Albagdadi, wanda ya rasu a 1231, ya duba tarin ƙasusuwan mutane a Masar, ya gano muƙamuƙin ƙasa ƙashi ɗaya ne, ba biyu ba kamar yadda Jalinusu ya rubuta aka yi ta haddacewa sama da shekara dubu. Ibn Nafis, wanda ya rasu a 1288, ya ƙi yarda da cewa jini na ratsa bangon da ya raba zuciya, ya bayyana cewa ta huhu yake zagayawa. Waɗannan malamai ba su ga saɓani tsakanin wannan ilimi da imaninsu ba. A zamaninmu ma, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta zartar a 1987 cewa ya halatta a feɗe gawa don koyar da likitanci bisa sharuɗɗa. Ɗalibin wasanni kuwa mafi yawan bukatarsa ba ta ma kai ga gawa ba, da rayayyen jiki zai yi aiki.

Kunya gaskiya ce, ni ma ina kare ta. Amma maganinta tsari ne: maza su yi gwaji da maza, mata da mata, kowa da suturarsa, a buɗe iyakar gaɓar da ake nazari, kuma kada a tilasta wa kowa. Hasali ma mai kishin suturar 'ya'yansa mata shi ya fi kowa bukatar a sami mata masana wannan fanni. Bincike ya tabbatar da cewa mata 'yan wasa sun fi maza yawan tsinkewar igiyar da ke tsakiyar gwiwa. In 'yarka ta faɗi a filin makaranta, wa kake so ya duba ta? In mun hana mata koyo yau, gobe namiji ne zai duba ta, ko kuma a bar ta da ciwonta.

Saboda haka ina kira ga malaman wannan fanni, da girmamawa, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ku rage yawan sunayen da ake haddacewa, ku zurfafa a kan gaɓoɓin da suka fi samun rauni a fili: gwiwa, idon sawu, kafaɗa, wuyan hannu, wuya, kai da ƙirji. Ku ware darasi na musamman kan jikin yaro mai tasowa, tunda yawancin ɗalibanku makarantun firamare da sakandare za su tafi. Ku sa rabin makin jarrabawa ya zama na nuni da hannu: ga mutum tsaye, nuna mana, motsa mana, faɗa mana abin da za ka yi da abin da ba za ka yi ba. Wanda ya kasa wannan kada a ba shi shaida, ko da ya cika takarda da Latin. Gani ya kori ji.

Ku kuma ɗalibai, ku daina ɗaukar wannan darasi a matsayin kwas ɗin da ake tsallakewa a manta. Iyaye za su miƙo muku 'ya'yansu da ƙafafu biyu lafiyayyu, amana ce, kuma za a tambaye ku. Mu iyaye da masu makarantu, kafin mu damƙa wa mutum usur da ƙwallo, mu tambaye shi abin da zai yi in yaro ya faɗi bai tashi ba.

Ɗalibin nan nawa yana nan yana zuwa, ƙafarsa a miƙe a gefen tabarma, haddarsa kuwa ta fi ta kowa a ajin. Kwanan baya ya ce mini in ya girma likitan ƙashi yake so ya zama. Na sa masa albarka, na kuma roƙi Allah Ya haɗa shi da malaman da za su nuna masa, ba waɗanda za su karanta masa kawai ba.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa nawa ne. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mana zuriyarmu, Ya ba mu ilimi mai amfani.