Shanun Huɗa: Wa Zai Gaji Masu Horo?

A zangon karatun da ya wuce na tambayi ɗalibaina a jami'a ma'anar kalmar "karkiya". Mafi yawansu suka ce ƙangin bauta. Ƙalilan ne suka san cewa itacen nan ne da ake ɗora wa shanu biyu a wuya domin su ja garma. A matsayina na ɗalibin kimiyyar harshe, na san cewa idan kalma ta koma sai a adon magana kaɗai ake jin ta, to sana'ar da ta haife ta ta fara tsufa. Wannan ne ya mayar da hankalina gida Jahun.

Tun ƙarshen shekarun 1920 Turawan mulki suka fara yaɗa noma da shanu a Arewa, amma manomanmu ne suka mayar da shi ilimi. A ƙauyukan Aujara da Harbo na taso ina ganin yadda ake yi. Manomi zai sayo maruƙa biyu masu kai ɗaya a kasuwar Gujungu ko Maigatari, ya ɗaure su a turke, yana ba su harawa da dusa da kanwa da hannunsa har su saba da muryarsa. Idan sun doshi shekara uku sai a dandaƙe su, a huda musu hanci a zura igiya. Daga nan sai karkiya. Akan haɗa sabon sa da tsohon da ya goge, su yi ta yawo babu kaya, sannan a ɗaura musu gungume, sannan amalanke, garma ce ta ƙarshe. Duk da rani ake yin wannan, da sanyin safiya, cikin 'yan makonni. Mai gaggawa da bulala kuwa ya ɓata sa har abada, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wani zai ce zamanin tarakta ne. Ban ƙi ba. Amma tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kuɗin mai da kayan gyara suka fi ƙarfin ƙaramin manomi. Ko ya samu hayar, sau da yawa sai shuka ta wuce layi ke zuwa kansa. Shanu kuwa suna huɗa da damina, su yi dakon amfani da kaka, su ba gona taki, kuma bayan shekarun aiki a yi kiwonsu a sayar da riba. Wace tarakta ce ke ƙara daraja idan ta tsufa?

Matsalolin a fili suke. Shanu kan shiga damina a rame, daidai lokacin da aka fi bukatar ƙarfinsu. Ciwon hanta na addabar masu kiwo a fadamun Kogin Haɗeja, inda kachala ta cinye makiyaya da dama, ambaliya irin ta 2022 kuma ta tafi da abincin dabbobi. Mafi muni, dattawan da suka iya horo suna ƙarewa, matasa sun koma acaba da cirani.

Saboda haka ina kira ga gwamnatin Jihar Jigawa da ƙananan hukumomi: duk shirin rancen shanu da garma ya haɗa da ladan mai horo, da maganin dabbobi, da rumbun harawa. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika ta zauna da waɗannan dattawa ta ɗauki darasi. Mu ma malaman harshe mu fita da na'urorinmu mu taskace kalmomin sana'ar daga bakin masu ita. Ana iya sayo garma a kasuwa ranar da aka ga dama, amma mai horo sai an raine shi kamar yadda ake rainon maraƙi. Allah Ya ba mu damina mai albarka.