AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI

Akwai wata ɗabi'a da ta shigo mana a 'yan shekarun nan wadda, ba don abin da ke biye da ita ba, da sai mutum ya yi dariya har ya riƙe ciki. Mutum ne zai shiga ɗaya daga cikin gidajen abincin gaggawa da suka cika titunan Legas da Ibadan da Fatakwal da Abuja da Kano, ya sa a zubo masa cinyar kaza biyu da aka tsamo daga tafasasshen mai, da tulin soyayyen dankalin Turawa, da shinkafar da ita ma sai da ta sha suya. Idan yarinyar da ke bayan kanta ta tambaye shi abin sha, sai ya gyara murya, ya ce a ba shi lemo marar sukari, domin wai yana rage ƙiba. Zai cinye wannan gara tas, ya kora da kwalbarsa, ya tashi zuciyarsa fari ƙal kamar wanda ya biya bashi. Wannan kwanciyar hankali ita nake son in taɓa, domin a tawa fahimta ita ce ainihin hajar da ake sayar masa, ruwan da ke cikin kwalbar kuwa gyara ne kawai aka ɗora masa a kai.

Bari mu fara da lissafi, tun da shi ba ya jin kunyar kowa. Masana abinci suna auna ƙarfin da abinci ke ba jiki da ma'aunin da suke kira kalori, kuma baligi yana bukatar kimanin 2,000 zuwa 2,500 a yini, gwargwadon jikinsa da aikinsa. Gwangwanin lemo mai sukari na mililita 330 yana ɗauke da sukari wajen giram 35, wato kalori 140 ko kusa da haka. Wannan shi ne iyakar abin da mai neman lemo marar sukari ya tsere wa. To, farantin fa? Giram ɗaya na sukari kalori 4 ne, giram ɗaya na mai kuwa kalori 9 ne, abincin gaggawa kuma duk cikin mai yake iyo. A Amurka, inda aka ƙagi wannan salon ciniki, babban burodi mai nama a tsakiya haɗe da babban kwali na soyayyen dankali sun haura kalori 1,000. Ashe ke nan mutum ya ɗauki kayan raƙumi, ya sauke na akuya, ya ce ya huta.

Kada mai karatu ya zaci ina wanke sukari ne. Tun a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a ci da sha ya wuce kashi goma cikin ɗari na abin da mutum ke ci a yini, wato wajen giram 50, in da hali ma a tsaya a rabin haka. Kwalba ɗaya ta kusa cinye rabon yini ɗungurungum. Kuma adalci ya sa a faɗi cewa musanya lemo mai sukari da marar sukari yana da ɗan amfaninsa. A wani gwaji da aka yi a ƙasar Holan, wanda aka buga a 2012, an raba yara 641 gida biyu, ana ba kowane yaro gwangwani ɗaya a kullum har wata goma sha takwas. Waɗanda aka ba marar sukari sun kasa 'yan'uwansu ƙarin nauyi da kimanin kilo ɗaya. Kilo ɗaya a shekara ɗaya da rabi, kuma a hannun masu bincike da ke ƙidaya kowane gwangwani. Amfani ne, ban musa ba, amma ina wannan ina alkawarin da ake ɗirka wa mutane a allunan talla?

Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya, bayan ta tattara binciken da aka yi shekara da shekaru, sai ta fito a watan Mayu na 2023 ta ce kada a dogara da sinadaran zaƙi marasa sukari wajen rage ƙiba, domin ba ta ga suna rage kitsen jiki idan tafiya ta yi nisa ba. Ta kuma ambata cewa masu daɗewa suna shan su an fi ganin ciwon sukari da ciwon zuciya a cikinsu. Hukumar ta yi kaffa-kaffa a nan, ta kira shawararta mai sharaɗi, ta kuma cire waɗanda suka riga suka kamu da ciwon sukari daga ciki. Dalili kuwa shi ne, yana yiwuwa waɗanda jikinsu ya riga ya fara nauyi su ne ke rugawa wurin irin wannan lemo, sai a ga kamar shi ya jawo musu. Ko ma wane ne gaba, kaza ko ƙwai, abu guda ya tabbata: hukumar da duniya ke saurare ba ta yarda wannan kwalba magani ce ba.

Wata biyu bayan haka aka yi ta hayaniya a kan asfatem, sinadarin da ke zaƙaƙa yawancin waɗannan lemuka, saboda cibiyar binciken ciwon daji ta hukumar ta sa shi a rukunin abubuwan da mai yiwuwa ne su haddasa cutar. Hujjar ba ta da ƙarfi, kuma kwamitin da ke kula da ƙa'idar sha bai rage adadin da ya halatta ba, wato miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin mutum a yini. Na kawo wannan ne don in ajiye shi gefe. Masu tsorata jama'a da ciwon daji suna yi wa kamfanoni aiki ba su sani ba, domin da zarar an rushe wannan zargi sai a ce kwalba ta fita kunya, a manta da tambayar farko, wadda ita ce ko tana yin aikin da aka saye ta dominsa.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda aka mayar mana da tsohon abu sabo. An gano sakarin tun 1879 a Jami'ar Johns Hopkins, asfatem kuma a 1965. Kamfanin Coca-Cola ya fitar da Tab a 1963, Diet Coke a 1982, Coke Zero a 2005. Mu nan kuwa, wace unguwa ce ba ta san sakarin ba? Shi ne abin da mai kunun zaƙi da mai zoɓo da mai ƙanƙara ke ɗan jefawa idan sukari ya yi tsada, kuma duk mai harshe yana gane shi da ɗan ɗacin da yake bari a maƙogwaro. Da ana zargin matar da ta yi haka da ha'inci. Yau an zuba ɗan'uwan wannan sinadari a baƙin gwangwani, an rubuta sifiri da manyan baƙaƙe, ɗan boko yana riƙe da shi yana taƙama. Abin da talaka ya yi don dole, mai hali yana saye don ado.

Yanzu mu koma ga jakin da aka bari. A wani binciken da aka buga a 2019, wani masani mai suna Kevin Hall da abokan aikinsa na Cibiyoyin Binciken Lafiya na Amurka suka ajiye mutum ashirin, maza goma mata goma, a asibitin bincike har tsawon mako huɗu. Mako biyu ana ba su abincin da masana'anta ta sarrafa ƙwarai, mako biyu kuma abincin da aka dafa daga kayan da ba a sarrafa ba, kowa ya ci iya cinsa. Inda gizo ke saƙa shi ne, an daidaita abincin biyu ta fuskar sukari da mai da sauran sinadarai. Duk da haka, a makonnin abincin masana'anta sai suka riƙa cin ƙarin kalori wajen 500 a yini a matsakaici, suna kuma ci da sauri, nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo ɗaya. Da aka juya su ga ɗaya abincin sai suka sauke kwatankwacinsa. Mai karatu ya lura, sukari ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Yadda aka gina abincin ne ya yi ɓarnar: laushinsa, rashin bukatar tauna, yadda yake wucewa kafin ciki ya aika wa ƙwaƙwalwa labarin ƙoshi. Duk wanda ya taɓa zama gaban tuwon dawa da miyar kuka ya san akwai inda hannu ke tsayawa da kansa. Wane ne ya taɓa jin hannunsa ya tsaya a kan soyayyen dankali kafin kwali ya ƙare?

Mutum ashirin kaɗan ne, mako huɗu kuma gajere ne, na sani. To ga mai tsawo. Wani bincike da aka buga a mujallar Lancet a 2005 ya bi matasan Amurka fiye da 3,000 har shekara goma sha biyar. Waɗanda ke zuwa gidajen abincin gaggawa fiye da sau biyu a mako sun ɗara masu zuwa ƙasa da sau ɗaya ƙarin nauyi da kilo 4.5, kuma jikinsu ya fi bijire wa insulin, wanda shi ne share fagen ciwon sukari. Sau biyu a mako! Akwai ma'aikatan banki da ɗalibai a garuruwanmu da ke yin wannan kafin Laraba.

Ba mu gaji wannan ciniki ba, shigowarsa ma a idonmu aka yi. Mr Bigg's ya buɗe a Legas a 1986, Tantalizers a 1997, Chicken Republic a 2004, KFC ya iso a 2009, Domino's a 2012. Ba na zargin kowa da laifin neman halalinsa, kuma na san cunkoson Legas kaɗai ya isa ya hana mace da miji hura wuta sau uku a yini. Abin da nake ƙi shi ne darajar da muka ɗora wa abin. Mun mayar da shiga waɗannan wurare shaidar wayewa: nan saurayi ke kai budurwa, nan uba ke kai yara ranar salla, nan ake yanka kek na zagayowar ranar haihuwa. Ya kuma tarar da wata tsohuwar cuta tamu, ta ɗaukar tumbi alamar arziki. Mutum ya yi teɓa sai a ce hutu ya karɓe shi, amarya ta cika sai a yaba wa ango, wanda ya rame kuwa sai a bi shi da tambayar lafiya. Wannan yabo ya dace da zamanin da ƙiba ke wuyar samu, lokacin da mutum ke yini a gona ko ya taka daga gari zuwa gari. A 2022, bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, mutum ɗaya cikin kowane takwas a doron ƙasa yana fama da ƙiba mai cutarwa, fiye da biliyan ɗaya ke nan, kuma ƙasashe irin tamu suna ɗauke da ita a kafaɗa ɗaya, tamowa a ɗaya kafaɗar.

Su kuwa masu wannan kasuwa sun daɗe da sanin amfanin nuna wa jama'a taiki. A 2016 aka tono takardun da suka nuna cewa a shekarun 1960 wata gidauniya ta masu sukari a Amurka ta biya masana na Jami'ar Harvard kuɗi, suka rubuta sharhin da aka buga a 1967, wanda ya sassauta wa sukari ya ɗora laifin ciwon zuciya a kan kitse. A 2015 kuma jaridar New York Times ta bayyana cewa Coca-Cola na ɗaukar nauyin wata ƙungiyar masana da ke karkata hankalin mutane ga motsa jiki maimakon abin da suke ci da sha. Kafin shekarar ta ƙare ƙungiyar ta watse. Jiya kitse, yau sukari, gobe rashin atisaye. Kullum akwai abu guda da aka yarda a zarga, muddin ciniki bai tsaya ba. Kuma kada a manta, mai sayar da kwalbar da ake gudu shi ne mai sayar da wadda ake gudu zuwa gare ta. Duk inda ka juya, aljihu ɗaya kuɗinka ke faɗawa.

Gwamnatinmu ma taikin ta daka, shi ma a hankali. Dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira goma a kan kowace lita ta lemon kwalba, aka fara karɓa a 2022. Naira biyar ke nan a kan kwalbar rabin lita, kuɗin da ko almajiri aka miƙa wa sai ya dube ka sau biyu. Farantin kuwa ba wanda ya ce masa uffan. Amurka tun 2018 ta wajabta wa gidajen abinci masu rassa ashirin zuwa sama su rubuta adadin kalori kusa da sunan kowane abinci, Ingila ta bi sahu a 2022 ga manyan kamfanoni. Ba na cewa rubutu a allo zai sa kowa ya rame. Amma wanda ya ga 1,000 a gaban kazarsa da dankalinsa, ya ga 140 a gaban lemon da ya ƙi, zai yi wuya ya ci gaba da yaudarar kansa da irin sauƙin da yake yi yanzu. Kamfanonin ƙetare da ke da rassa a Legas da Abuja suna rubuta waɗannan alƙaluma a London da New York, sun kuma san nauyin kowace cinya da yawan man da ta sha, domin da awo suke sayarwa. Ya rage ga hukumar NAFDAC da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya su tambaye su dalilin da zai hana ɗan Nijeriya ganin abin da Bature ke gani kafin ya miƙa kuɗinsa.