RUMBUNMU SHI NE ƳANCINMU

Ƴan'uwa na rassan Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai,

Ƙasar da ke jiran abincinta daga bakin iyaka ba ta gama samun ƴanci ba. Ku duba abin da ya wuce. A 1984 fari ya kashe gonaki, Najeriya kuma ta rufe iyakarta, har talakawa suka raɗa wa yunwar nan suna El Buhari. A 2005, bayan fari da farar ɗango na 2004, akwai hatsi a kasuwannin Maraɗi, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin manomin da ya noma shi, yara suka cika asibitoci. A 2023 ƙungiyar CEDEAO ta sa mana takunkumi, aka sake rufe iyaka har watan Maris na 2024, kuɗin shinkafa ya hau sama. Sau uku ke nan, darasi kuwa ɗaya ne.

Ina ciwon yake? Da kaka manomi yana sayar da hatsinsa da arha domin biyan bashi. Ɗan kasuwa ya kimshe shi a sito. Da damana ta faɗi, rumbu ya ƙare, manomin nan ya koma ya sayi tiyar da ya sayar, da tsada. Turawan mulkin mallaka sun matsa mana noman gyaɗa domin a samu kuɗin haraji. Bayan yunwar 1931 suka tilasta rumbun tsimi, amma mabuɗi na hannun kwamanda da hakimansa, shi ya sa talaka ya ƙi jininsa. Laifin ba na rumbu ba ne, na mai riƙe da mabuɗi ne.

Sa'an nan kada mu raina cimar iyayenmu. Hura da nono, tuwon hatsi da miyar kuka, wake, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, tafasa da yaɗiya, su suka gina jikin mutanenmu. Hanza, wadda ake jiƙawa kwanaki har ɗacinta ya fita, ta tsirar da garuruwa a shekarun wuya. Duk cikinsu babu wanda ke jiran jirgin ruwa ya sauke shi a Kwatano. Da tsohuwar zuma ake magani.

Manoman Maraɗi da Damagaram sun riga sun nuna hanya. Tun shekarun 1980 suka daina tumɓuke kututture, suka riƙa renon tohon gawo da sauran itatuwa cikin gonaki, har wajen hekta miliyan 5 suka sake yin kore. Gawo yana zubar da ganye da damana, ya ba gona taki, ya ba bisashe abinci da rani.

Saboda haka ga aikin kowane reshe kafin kaka ta wuce:

1. A gina rumbun gari, kowane gida ya zuba abin da ya iya. Taron gari ya zaɓi masu riƙe da mabuɗi, mata na cikinsu, a karanta lissafi a bainar jama'a.
2. Kada a buɗe shi sai damana, a ba da rance a maido da kaka.
3. A ware iri na gida daban, kada a taɓa shi.
4. A shanya ganye da kuɓewa, a hana saran gawo da kuka.

Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Sakataren kowane reshe ya karanta wannan takarda ga waɗanda ba su yi lakwal ba, ranar kasuwa.

Allah ya ba mu damana mai albarka. Nijar ta ɗore!