Bayan rufe sansanoni a Sahel: ina ƙarfin jiragen yaƙin Faransa na kan teku ya tsaya?

Tun da sojojin Faransa suka fice daga Mali a watan Agusta na 2022, ƙofofi suka yi ta rufuwa ɗaya bayan ɗaya: Burkina Faso a farkon 2023, Nijar a Disamban wannan shekara, Chadi a Janairun 2025, Senegal kuma a Yulin 2025. Amurka ma ta bar sansaninta na Agadas a 2024. Mutane da yawa, daga Maraɗi zuwa Garwa, sun ɗauka jiragen yaƙin ƙasashen waje sun yi mana nisa ke nan. Sai dai akwai sansani guda da takardar wata gwamnati ba ta iya rufewa, domin a kan teku yake yawo. Shi ne jirgin ruwan Charles de Gaulle da rukunin jiragen saman da yake ɗauke da su.

Jirgin, wanda ya fara aiki a 2001, tsawonsa mita 261 ne, da makamashin nukiliya yake tafiya, mazauninsa kuma tashar Toulon. Amma shi kansa filin sauka da tashi ne kawai. Haƙoransa su ne abin da Faransawa ke kira groupe aérien embarqué, wato rukunin jiragen saman da ke hawa jirgin idan zai fita aiki. Akwai rundunoni uku na jiragen Rafale, 11F da 12F da 17F, waɗanda ke zaune a Landivisiau. Akwai runduna ta 4F mai jiragen Hawkeye masu faifan rada a bayansu, su ne idanun tawagar, suna hango abin da ke tafe daga nisan ɗaruruwan kilomita. Akwai jirage masu saukar ungulu na ceto da farautar jiragen ƙarƙashin ruwa. Har wani Rafale ake warewa ya shayar da ƴan'uwansa mai a sama, matuƙa na kiransa nounou, wato mai raino.

Tashi da sauka a nan aiki ne na daƙiƙoƙi. Na'ura mai aiki da tururi ce ke cilla jirgi kamar dutse daga majajjawa, a tazarar mita 75. Wajen sauka kuwa, ƙugiyar da ke wutsiyarsa ce za ta kama ɗaya daga cikin igiyoyin ƙarfe uku. Idan ta kuskure, sai matuƙi ya sake tashi ya zagayo.

Dabarar ta haura shekara ɗari. A 1910 wani Ba'amurke, Eugene Ely, ya tashi da jirgin sama daga kan jirgin ruwa. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya nuna ƙarfinta: a Nuwamban 1940 jiragen Ingila 21 suka gurgunta rundunar ruwan Italiya a Taranto, a Disamban 1941 Japan ta far wa Pearl Harbor daga jiragen ruwa shida, sannan a Yunin 1942 ta yi asarar huɗu a yaƙin Midway. Daga nan manyan bindigogin teku suka sauka daga gadon sarauta. A yau Amurka na da irin waɗannan jiragen ruwa 11. Faransa na da guda ɗaya tak, tun da ta sayar wa Brazil da Foch a shekarar 2000.

Mu a yankin nan mun riga mun ɗanɗani aikin wannan rukuni, ko da ba mu taɓa ganin jirgin ba. A Maris na 2011, bayan ƙuduri mai lamba 1973 na Kwamitin Sulhun Majalisar Ɗinkin Duniya, Charles de Gaulle ya nufi gaɓar Libiya. Faransa ta raɗa wa farmakin suna Harmattan, iskar hunturun da muka sani. Jiragensa sun yi watanni suna luguden wuta kan dakarun Gaddafi. Abin da ya biyo baya ba sai an faɗa ba: dubban ƴan ci-rani na Nijar da Chadi sun dawo gida hannu rabbana, makaman rumbunan Libiya sun kwararo kudu, arewacin Mali ya kama da wuta a Janairun 2012. An kunna wutar a bakin Bahar Rum, hayaƙin kuma har yau mu ke shaƙa.

To, shin jirgin zai iya maye gurbin sansanonin Yamai da Njamena? Da wuya, saboda dalilai uku. Na farko nisa: daga gaɓar Kwatano zuwa Yamai kusan kilomita 800 ne a miƙe, Agadas kuwa ta fi haka nesa ba kusa, kuma duk tafiyar sai an sha mai a sama. Na biyu doka: jirgin na da ƴancin tsayawa bayan mil 12 daga gaɓa ba tare da izinin kowa ba, amma jiragensa ba za su iso Sahel ba sai sun ratsa sararin samaniyar wata ƙasa. Na uku, mai doki ɗaya ba ya sukuwa kullum. Daga farkon 2017 zuwa kakar 2018 jirgin na kwance a Toulon ana gyaransa, a Afrilun 2020 kuma cutar korona ta kama fiye da mutum 1,000 na tawagarsa. Magajinsa ba a sa ran zai fara aiki sai wajen 2038.

Akwai kuma yanayin yaƙin kansa. Rafale an ƙera shi ne don rusa filayen jirage, tankoki da cibiyoyin soja. Mahara bisa babura, masu ɓuya cikin jama'a, sai an daɗe ana sa musu ido, aikin da jiragen Reaper marasa matuƙi suka riƙa yi daga Yamai.

Saboda haka jirgin ruwan Faransa na iya kai hari mai zafi na ɗan lokaci, amma ba ya iya tsare ƙauye ko hanyar kasuwa. Abin da ya kamata mu riƙa bibiya shi ne yarjejeniyoyin da ƙasashen bakin teku ke ƙullawa kan tashoshinsu da sararin samaniyarsu, domin a nan mabuɗin yake. Darasin 2011 kuma yana nan: a duk lokacin da aka ji wannan jirgi ya doshi gaɓar wata maƙwabciya, ya kamata shugabanninmu su tambayi abin da zai faru washegarin yaƙin, tun kafin jirgi na farko ya tashi.